Cata ko makarantar unguwa? Muhawarar iyaye a zauren Hausawan Amurka

Maman Hanifa (Bronx, birnin New York): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wajen masu yara a makaranta. Sunan Hanifa ya fito a ƙuri'ar wata makarantar cata (charter school) da ke kusa da mu, sun ba mu 'yan kwanaki mu amsa ko su ba na bayanmu gurbin. Yanzu tana aji biyu a makarantar gwamnati ta unguwarmu. Malamarta tana ji da ita, amma har yau in ta ɗauki littafi sai ta riƙa tsayawa tana haɗa baƙi. Babanta ya ce kawai a mayar da ita can. Ni kuma hankalina bai kwanta ba, domin na ji ana cewa suna matsa wa yara ƙwarai. Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini gaskiya.

Alhaji Maraɗi (Harlem): Wa alaikumus salam. Maman Hanifa, ki amsa yau, kar ki bari sai gobe. Yarana duka lakwal ɗin cata suka yi. Akwai iyayen da ke cika takarda kowace shekara kafin 1 ga Afrilu, sunan ɗansu bai taɓa fitowa ba. Matsin da ake faɗa gaskiya ne: ana shiga da sassafe, ana tashi wajen la'asar, akwai kayan makaranta iri ɗaya, kuma in yaro ya makara da minti kaɗan wayarki za ta yi ƙara. Kullum da dare sai ya karanta littafi kin sa hannu a takarda. Ni ina tuƙin tasi, da yawa a cikin mota nake sa hannun nan, a kan sitiyari, kafin in sauke su. Amma babbar ɗiyata yanzu tana jami'a. Don me muka baro gida muka zo cikin wannan sanyi in ba don wannan ba?

Abu Kano: Ku yi haƙuri, ni daga gida nake bin zauren. Wannan cata ɗin makarantar kuɗi ce irin namu na nan? Nawa ake biya a zango?

Dakta Rabi (Boston): Malam Abu, ko kwabo ba a biya. Kuɗin harajin jama'a ne ke tafiyar da ita, kamar ta gwamnati, sai dai ba hukumar ilimi ta birni ke riƙe da ita ba. Wata ƙungiya ce mai kwamitin amintattu take karɓar izini na 'yan shekaru, a New York bai wuce biyar, bisa yarjejeniyar cewa za ta nuna sakamako. Ana sakar mata mara wajen ɗaukar malamai, tsawon yini da tsarin koyarwa. In ba ta cika alkawari ba, wanda ya ba ta izinin yana iya rufe ta. A jihar New York, jami'ar jiha ta SUNY da hukumar Regents mai kula da ilimin jihar ne ke ba da sabon izini. Ba ta da damar yi wa yaro jarrabawar shiga. In masu nema sun fi kujeru yawa sai a yi ƙuri'a. Jihar Minnesota ce ta fara yin dokar a 1991, makaranta ta farko ta buɗe a St. Paul a 1992. Yanzu yara fiye da miliyan uku da rabi ke cikinsu a faɗin Amurka, wajen kashi 7 cikin ɗari na 'yan makarantun gwamnati. A birnin New York kuwa sun kai wajen kashi 15.

Abu Kano: To ashe kusan irin abin da Legas da Anambra suka yi ne, da suka mayar wa 'yan mishan makarantunsu.

Dakta Rabi (Boston): Akwai kama, amma nan ba a yarda ta zama ta addini ba, kuma babu kuɗin makaranta.

Malam Sabo (Bronx): Salamu alaikum. Ni malamin makarantar gwamnati ne a nan Bronx, kuma ɗan ƙungiyar malamai ta UFT, don kowa ya san daga inda nake magana. Alhaji, Allah ya ƙara wa 'yarku albarka, ban musa abin da kuka gani ba. Amma ina so zaure ya ga abin da nake gani. A tsakiyar Janairu za a ƙwanƙwasa ƙofar ajina, ma'aikaciyar ofis ta shigo riƙe da hannun yaro da ya sauka daga Konakiri ko Yamai makon jiya, ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba, rigar sanyinsa ta yi masa yawa har hannunta ya rufe yatsunsa. Ba ni da ikon cewa aji ya cika. Zan ja kujera in zaunar da shi kusa da wanda ke jin Faransanci ko Fulatanci. Iyayen yaron nan ba su san da wata ƙuri'ar Afrilu ba, lokacin ma suna can gida. Shi ya sa a birnin nan yara masu koyon Turanci sun fi yawa a makarantunmu fiye da na cata. Sannan babbar ƙungiyar cata ta birnin nan, Success Academy, ta shafe shekaru ba ta karɓar sabon ɗalibi bayan aji huɗu. Wanda ya fita, kujerarsa ta tafi ke nan. To in aji yana tsukewa shekara bayan shekara, waɗanda suka rage su ne masu jurewa, yaya za a gwada makinsu da na ajin da ƙofarsa ke buɗe kullum?

Alhaji Maraɗi (Harlem): Malam Sabo, ina ganin girmanka. Amma kafin cata ta zo Harlem, me makarantun gwamnati suka yi wa 'ya'yan baƙaƙen fata a nan? Mai kuɗi yana ƙaura zuwa unguwar da lakwal ɗinta ke da kyau, ko ya biya ta kuɗi. Talaka kuwa adireshinsa ke zaɓa masa. Ni ban iya gyara makarantun birni duka, ɗana ɗaya nake iya cetowa a lokaci guda.

Dakta Rabi (Boston): Bari in shiga tsakani, domin wannan tambaya ta Malam Sabo masu bincike sun daɗe da yin ta. A nan Boston masana tattalin arziki na MIT da Harvard, cikinsu har da Joshua Angrist wanda ya samu kyautar Nobel a 2021, sun bi wata hanya mai kyau. Sun ɗauki yaran da duk suka shiga ƙuri'a, wato duk iyayensu masu himma ne iri ɗaya, suka gwada waɗanda sunansu ya fito da waɗanda bai fito ba. Kuma duk wanda ya ci ƙuri'a ana lissafa shi, ko daga baya ya bar makarantar. Sai aka ga 'yan cata na cikin Boston sun yi gaba sosai, musamman a lissafi. Amma da aka duba cata na wajen gari a jihar Massachusetts ɗin dai, babu wannan riba, wasu ma baya suka ja.

Cibiyar CREDO ta jami'ar Stanford kuma ta auna ƙasar baki ɗaya sau uku. A 2009 sakamakon bai yi wa cata daɗi ba: a lissafi kashi 17 ne kawai suka fi makarantun gwamnati na kusa da su, kashi 37 suka gaza su, sauran babu bambanci. A 2013 abin ya gyaru. A 2023 suka ce ɗan cata yana samun ƙarin abin da ya kai kwana 16 na koyon karatu da kwana 6 na lissafi a shekara. Ku lura, wannan kaɗan ne a shekarar karatu mai kwana 180. Ribar mai kauri tana wajen yara baƙaƙen fata da 'yan Latino na gidajen talakawa a manyan birane. Yara masu buƙata ta musamman kuwa, a wannan rahoton dai, sun ɗan fi ci gaba a makarantun gwamnati.

Malam Sabo (Bronx): Dakta, na yarda da binciken ƙuri'a, amma ai sai makarantar da mutane ke rububinta ake yi wa ƙuri'a. Wadda kujerunta ke zaune babu kowa ba ta shiga lissafin.

Dakta Rabi (Boston): Haka ne. Shi ya sa ba na cewa kowace cata ta fi. Ina cewa masu kyau na cikin birni sun fi da gaske, ba dabarar lissafi ba ce.

Hajiya Kumasi (Bronx): Ku bar ni in yi magana a kan abin da Dakta ta faɗa game da yara masu buƙata ta musamman, domin a gidana ya faɗo. Autana bai fara magana da wuri ba, kuma ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya shiga wata cata a ajin farko, ba zan ambaci suna ba. Ni aikin kula da tsofaffi nake yi a gidajensu. Ina tsaka da yi wa tsohuwa wanka waya za ta yi ƙara: ki zo ki ɗauki ɗanki, ya sauka daga kan layi, ya ƙi naɗe hannu. Ba zan iya barin baiwar Allah a banɗaki in fita ba, sai in kira maƙwabciya ina roƙo. Aka dakatar da shi, yaron da ko igiyar takalminsa bai iya ɗaurewa ba. Babu wanda ya taɓa ce mini cire shi. Abin da ake ce mini shi ne, Mama, anya nan ne ya dace da shi? Ranar da ya riƙe ƙafar gado da safe yana kuka, na je na karɓi takardunsa.

A makarantar gwamnati ma ba a shimfiɗa mini darduma ba. Na yi watanni ina bin takardar IEP, wato tsarin da doka ta ce a rubuta wa yaro mai buƙata ta musamman. Amma da ta fito, an sa shi ƙaramin aji na yara 12 da malama da mataimakiya, ga mai koya masa furuci. Yanzu yana karanta mini wasiƙun da ke zuwa gida. Maman Hanifa, ƙanwata, ba ina ce miki kar ki kai ta ba. Yayarsa ta yi cata ta gama lafiya. Ke kika san 'yarki: in an tsawata mata tana miƙewa ne ko tana shigewa cikin kanta?

Maman Hanifa (Bronx): Allahu akbar. Sannu Hajiya, Allah ya raya shi. Hanifa mai shiru ce, in aka yi mata tsawa sai ta yini ba ta ci abinci ba.

Alhaji Maraɗi (Harlem): Hajiya, wannan bai yi daɗi ba, Allah ya saka miki. Amma makaranta guda ce.

Malam Sabo (Bronx): Alhaji, ba guda ba ce. A 2015 jaridar New York Times ta fallasa cewa shugaban wata makarantar Success a Fort Greene, Brooklyn, ya rubuta jerin yara 16 da yake so su bar makarantar. Ƙungiyar ta ce kuskuren mutum ɗaya ne, amma wasu iyaye sun kai ƙara kotun tarayya, a 2021 aka yanke biyan dala miliyan 2.4. A 2016 ƙungiyar NAACP, wadda ta fi kowace daɗewa tana kare haƙƙin baƙaƙen fata, ta nemi a dakatar da buɗe sababbin cata. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, shugaban ƙungiyar malamai ne, Albert Shanker, ya tallata wannan tunani a 1988. Nufinsa malamai su samu ɗan wuri su gwada sabuwar dabara a kan yaran da suka fi wahalar koyarwa, in ta yi kyau a yaɗa ta. Kafin ya rasu ya juya wa abin baya, da ya ga inda aka nufa da shi. Yau gini ɗaya muke rabawa da wata cata, su a hawa na sama. Ɗakin cin abinci ɗaya ne, sai wasu yaran su ci na rana tun hantsi don a ba wasu wuri.

Khadija (Brooklyn): Salam iyayena, ku yi mini afuwa in shiga maganar manya. Ni cata na yi tun daga aji biyar har na gama. Abin da Baba Alhaji ya faɗa gaskiya ne, abin da Hajiya ta faɗa ma gaskiya ne, kuma a gini ɗaya na ga duka biyun. Muna tafiya a layi ba magana, idonka a kan mai magana, in rigarka ta fito daga siket a rage maka maki. Malaman kuwa matasa ne masu ƙwazo, kana iya kiransu da dare a kan aikin gida su ɗauka, amma kusan kowace shekara sababbin fuska ne, domin aikin yana cinye su. Su suka cika mini takardun neman jami'a da na tallafin karatu, abin da iyayena ba su san kansa ba. Wahalar da na sha a shekarar farko ta jami'a ita ce babu mai tsaya mini a ka, ban saba tsara lokacina da kaina ba. Ƙanena kuma gwamnati ya yi, ya ci jarrabawar SHSAT ta shiga fitattun makarantun sakandare na birnin, ya shiga Bronx Science, kuma wannan makarantar gwamnati ce. Anti, ki roƙa su bar ki ki zauna a bayan aji ranar karatu, ba ranar baƙi ba. Ki kalli abin da malama ke yi in yaro ya ba da amsa ba daidai ba.

Yaya Usman (Columbus): Duk maganarku ta New York ce, inda ake sa ido. Ku zo Ohio ku ji. Mun yi wata cata ta intanet mai suna ECOT, yaro yana gida an ba shi kwamfuta. Jiha ta gano ana karɓar kuɗi a kan ɗaliban da ba a iya nuna suna karatu ba, ta ce a mayar da dala miliyan kusan 80. Aka rufe ta a Janairun 2018, tsakiyar shekara, yara wajen 12,000 suka rasa inda za su. A Michigan kuma yawancin cata kamfanonin neman riba ke gudanar da su. Duk wanda aka ce masa cata ta intanet, ya gudu.

Dakta Rabi (Boston): Wannan kam babu gardama. CREDO ta auna irinsu a 2015, ta ce a lissafi tamkar yaro bai je makaranta ba shekara guda cur.

Baban Sadiq (Houston): A New Orleans kuma bayan guguwar Katrina ta 2005 kusan duk makarantun garin aka mayar cata. Makin jarrabawa da yawan masu kammalawa sun ƙaru, masu binciken jami'ar Tulane sun tabbatar. Amma an sallami ma'aikatan makarantu fiye da 7,000, yawancinsu baƙaƙen fata 'yan garin. Akwai waɗanda suka dawo nan Houston da zama, har yau ba su huce ba.

Malama Zainab (Bronx): Ni a Islamiyya nake koyarwa, kuma akwai ɓangaren da ba a taɓo ba. Tun 2015 birnin New York ya sa ƙaramar Sallah da babba cikin ranakun hutun makarantun gwamnati, kuma da yawansu suna da abincin halal. Cata kowace da kalandarta, sai kin tambaya. Hijabi kam doka ta kare shi ko'ina, sai dai su ce launi kaza. Abin da nake gani shi ne 'yan cata suna iso mini a gajiye, ga jakar aikin gida, wasu sun daina zuwa sai Asabar da Lahadi. Wasu iyayen ma sai hadda ta zube suke farga.

Abu Kano: To me zai hana ku haɗu ku buɗe taku, ku sa Alƙur'ani a ciki, tunda gwamnati ke biya?

Malama Zainab (Bronx): An gwada kusa da haka a Minnesota. Makarantar Tarek ibn Ziyad, mai yawan yaran Somaliya, ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ta kai ta ƙara a 2009 bisa zargin cusa addini da kuɗin gwamnati, ta rufe a 2011. 'Yan Katolika ma sun nemi buɗe tasu a Oklahoma, kotun jihar ta hana, a Mayun 2025 alƙalan Kotun Ƙoli suka rabu huɗu da huɗu, hanin ya tsaya. Larabci a matsayin harshe ana iya koyarwa, addini kuwa sai bayan an tashi.

Maman Hanifa (Bronx): To in na kai ta bai yi ba, zan iya dawo da ita?

Malam Sabo (Bronx): Za ki iya, kowane wata na shekara. Dole birni ya ba ta kujera, ko da ba ajin da ta bari ba ne. Amma in kika ƙi gurbin cata yanzu, sai wata ƙuri'ar. Kafin ki yanke, ki nemi malamarta ta yanzu ta nuna miki matakin karatunta a rubuce, ki tambaya wane taimako za su ba ta a aji uku, domin a nan ake fara jarrabawar jiha. Can kuma ki tambaye su yara nawa suka fara aji uku bara, nawa suka kai ƙarshen shekara, kuma suna maimaita wa yaro aji ne in karatunsa bai kai ba.

Alhaji Maraɗi (Harlem): To ka ga, Malam, da bakinka ka faɗa. In ta gwada ba ta yi asarar komai ba.

Malam Sabo (Bronx): Ba ta yi asara ba saboda muna nan muna jiran duk wanda ya dawo, Alhaji. Wannan nake ta faɗa tun safe. Kuma yarinya mai shiru in aka cire ta sau biyu a shekara ɗaya, akwai abin da take rasawa wanda ba ya fitowa a maki.

Ɗan Agadas (Bronx): Salamu alaikum, ku gafarce ni, sabo ne ni a zauren. Ɗan yayana ya iso wata biyu da suka wuce, shekararsa 15, Faransanci kawai ya yi, takardunsa kuma ba su kammala ba. Wace za ta karɓe shi?

Malam Sabo (Bronx): Wa alaikumus salam, barka da zuwa. Kar ka bar shi a gida ko kwana ɗaya. Tun 1982 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kowane yaro yana da haƙƙin makaranta ko da takarda ko babu, kuma ba a tambayar matsayin zamansa. Ka kai shi ofishin Family Welcome Center mafi kusa da ku, da shaidar adireshi, da takardar haihuwa ko fasfo, da katin rigakafi in akwai, da duk sakamakon da ya taho da shi daga lakwal. Ka ce a ba ka tafinta, kyauta ne. Ka tambaye su makarantun sakandare na sababbin zuwa, akwai su a nan Bronx, an gina su ne don irinsa. Ka turo mini saƙo ta gefe, ranar Litinin bayan an tashi sai in raka ku.